Gwani Ya Bar Babban Gida: Butulci Ne ko Neman Fage?

A yammacin Zamfara, daga Anka zuwa Bukkuyum har Gummi, kokawa wasan kaka ce. Sai an yanke gero, dawa ta shiga rumbu, jiki ya murmure, sannan ake share fage a kira makaɗa. Kowane gari da gwanayensa, kowane gwani kuma da maigidan da ya rene shi, galibi tsohon ɗan kokawa wanda ƙarfi ya fara ja da baya amma dabara na nan daram. Shi ke tara yara a ƙofar gidansa, ya ciyar da su, ya kai su wasa gari-gari. Idan gida ya yi suna, duk inda suka sauka ana ba su masauki, makaɗa na tarbarsu tun daga bakin gari.

A irin wannan gidan ne wata rana za a wayi gari a ji babban yaro, wanda ake ji da shi, ya tattara nasa ya nasa ya tafi. Wani ya koma hannun wani maigida a wani gari, wani ya nufi Sakkwato ko Birnin Kebbi, wani ya haura Nijar, wani ma ya ɗaure hannu ya faɗa gidan dambe a Kano ko Abuja. Da gidan ya lalace ne, da babu mai tambayar dalili. Abin da ke ɗaure wa jama'a kai shi ne gida na tashe, ana kaye, kyauta na shigowa, amma gwani ya sa kai ya fice. Daga nan gardama ke kaurewa a majalisu da teburin mai shayi, wasu na cewa yaron ya ci amana, wasu na cewa ya yi wa kansa ƙiyamullaili.

Masu cewa butulci ne ba su rasa hujja ba, kuma ya kamata a saurare su da kunnen basira, domin su ne suka san yawan tuwon da ake ci kafin a zama gwani. Yaro kan zo hannun maigida yana ɗan shekara goma sha biyu ko sha uku, ba shi da komai sai ƙashi da zuciya. A nan zai koyi tsayuwa, ya koyi kamun ƙugu da taɗiya, ya koyi yadda ake faɗuwa ba tare da an karya hannu ba. Ranar da ya gurɗe, maigida ne zai ɗauke shi zuwa wurin maɗori. Layu da guraye da rubutun sha, ko mene ne ra'ayin mutum a kansu, da kuɗin maigida ake nemo su. Akwai kuma wata hidimar da 'yan kallo ba sa gani, wadda ni a wurina ta fi duk sauran nauyi: maigida ne ke hana yaronsa kamawa da wanda ya fi ƙarfinsa tun lokaci bai yi ba. Ƙato zai fito ya nuna yaro, fage ya ɗauki ihu, jinin yaro ya hau, amma maigida ya ce ba yau ba. Yara nawa aka nakasa a kaka ɗaya don ba su da mai faɗa musu haka? Duk wannan hidima babu takarda, babu shaida, sai amana. In yaro ya kai munzali, ya fara tara abin duniya, sannan ya kwashi gwanintar ya kai wa wanda bai taɓa saya masa ko ƙwaryar fura ba, dole zuciyar maigida ta sosu.

Suna ƙarawa da cewa gwaninta ma ba ta yaro ba ce shi kaɗai. Abin da ya sa babban gida ke fitar da gwanaye shi ne kullum da yamma yaro na kamawa da waɗanda za su iya kayar da shi. Abokan gwajinsa su ne makarantarsa. In ya koma inda shi ne babba, kowa na faɗuwa a hannunsa tun kafin a yi gumi, zai ji daɗi kaka ɗaya ko biyu, daga nan kaifinsa ya dushe bai sani ba, sai ranar da ya gamu da tsararsa a bainar jama'a. Wannan magana gaskiya ce, duk wanda ya daɗe yana kallon kokawa ya ga irinta.

Sai batun suna. A dambe abin ya fi fitowa fili, inda ake kiran ɗan wasa da sunan ubangidansa: Shagon wane, Bahagon wane, Autan wane, Garkuwan wane. Kafin yaro ya kai naushi ɗaya, sunan maigida ya riga ya buɗe masa ƙofa, ya sa an ba shi turmi, ya sa 'yan kallo sun miƙe. Haka kuma ɗan dambe na da ɓangare, ko Kudu, ko Arewa da ake wa laƙabi da Jamus, ko Guramaɗa, kuma magoya baya na bin ɓangare ne kafin su bi mutum. Makaɗi shi ma yana da nasa mutanen. Da babu makaɗi Ɗan Anace, da wuya a ce sunan ɗan dambe Shago ya kai inda ya kai, har yaran da aka haifa bayan ya daina dambe suna ambatonsa. Wanda ya bar gida yakan bar makaɗinsa da masu yi masa liƙi da tsofaffin da suka san kakansa, ya je inda zai fara gabatar da kansa daga tushe. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, in ji masu wannan ra'ayi.

Amma hujjarsu da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta gobe. Idan ya zama al'ada cewa duk yaron da ya nuna sai mai kuɗi ya zo ya tsinke shi, wa zai ƙara ɓata shekara bakwai yana renon ɗan wani? Maigida ba gwamnati ba ne, manomi ne ko mahauci ko ɗan tireda, daga aljihunsa yake yi. In aka ƙona shi sau biyu, zai rufe ƙofa. Ranar da masu reno suka ƙare, masu tsinka ma ba za su sami abin tsinka ba. Kuma masu zawarcin nan, alhazai da 'yan siyasa da masu gidajen wasa, da yawansu kaye suke so, ba yaron ba. Babur da sabuwar waya na zuwa da wuri, amma ranar da gwiwa ta tashi aiki sai a nemi mai ɗaukar kira a rasa.

Duk da haka ban yarda a tsaya nan ba, domin akwai abin da masu wannan magana ke tsallakewa: nasarar gida daban, rabon kowane ɗan gida daban. Babban gida kan zama inuwar giginya, na nesa ka sha. Jama'ar gari na alfahari, maigida na karɓar gaisuwa, zakaran gida na kwasar liƙi, amma na biyu da na uku, waɗanda da a wani gari suke da su ne sarakunan fage, suna zaune a gefe riƙe da butar ruwa. A bisa al'ada ba a haɗa 'yan gida ɗaya a gaban jama'a, yadda ba a cika haɗa 'yan ɓangare ɗaya a dambe ba. Ke nan yaron da ya san a ransa cewa ya kamo zakaran gidansu, ko ma ya wuce shi, ba shi da hanyar nunawa. In babban baƙo ya zo, zakara za a fitar. In gayyata ta zo daga nesa, zakara za a tura. Shi kuma a ce ya yi haƙuri, lokacinsa na zuwa. To jikin ɗan kokawa ba ya jiran lokaci. Shekarun ganiya kaɗan ne, kuma kowace kaka da ta wuce ba ta dawowa.

Mu dubi Nijar, inda aka tsara kokawa fiye da ko'ina a ƙasar Hausa, kuma mutanenmu na bin ta a rediyo da waya kamar a gidansu ake yi. Tun 1975 aka fara gasar Takobi a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya fara ɗauka. Jihohi takwas ke shiga, Agadas da Difa da Dosso da Maraɗi da Tawa da Tilaberi da Damagaram da Yamai, kowace da 'yan kokawa goma, tamanin ke nan. Goma ɗin nan ba ta ƙaruwa don jiha na da arzikin gwanaye. A jihar da kokawa ta yi kaka-gida, mutum na iya zama na goma sha ɗaya a gida alhali ya fi rabin waɗanda za su shiga fagen ƙasa. Me zai yi? Ya zauna ya saurari gasar a rediyo don a ce masa ɗan halak, ko ya nemi jihar da ke da gurbi? Shi ya sa ba baƙon abu ba ne a can a ga ɗan kokawa ya ɗaura wa jihar da ba a nan aka yanke masa cibiya ba. Ka kuma ɗauki yaron da ya taso a Dosso a shekarun da Issaka Issaka ke tashe har ya ɗauki Takobi sau shida. Zama kusa da irin wannan gwani makaranta ce babba, babu musu. Amma ido da kuɗi da kiɗa duk wurin mutum ɗaya suke tafiya, kuma ba kowace zuciya ce za ta jure shekara da shekaru a haka ba.

Har a Amurka, inda jami'o'i ke riƙe da kokawa, lissafin bai canza ba. Ajin nauyi goma ne, kuma kowace jami'a mutum ɗaya take fitarwa a kowane aji. Jami'ar Penn State, tun da Cael Sanderson ya karɓi horarwa a 2009, ta mamaye gasar ƙasa, ta ɗauki kofi daga 2011 zuwa 2014, ta sake jerawa daga 2016 zuwa 2019. Duk yaron da ya iya kokawa a ƙasar yana mafarkin shiga ɗakin atisayensu, amma mutum goma kaɗai ke fita fage. Sai dai labarin da ya fi jan hankalina daga can ba na wanda ya rasa gurbi ba ne. Nick Suriano shi ke riƙe da ajin mafi ƙarancin nauyi a Penn State tun shekararsa ta farko. Ya ji rauni a idon sawu a farkon 2017, bai samu shiga gasar ƙasa ba, a shekarar da 'yan gidansu biyar suka zama zakaru. Daga nan ya bar gidan da ya fi kowane gida, ya koma jami'ar Rutgers da ke jiharsu ta haihuwa, New Jersey, wadda ba ta taɓa fitar da zakaran ƙasa a kokawa ba. A 2019 shi da abokin wasansa Anthony Ashnault suka zama na farko a tarihinta. Daga baya ya sake komawa jami'ar Michigan, ya ƙara zama zakara a 2022. Da ya zauna, ƙila da ya ci, amma da ya zama ɗaya cikin jerin sunaye masu yawa a bango. A inda ya je, da shi aka buɗe littafin. Akwai mutanen da Allah Ya halitta da son su gina nasu, kuma ban ga laifin wannan hali ba.

Senegal ma ta ga haka. Eumeu Sène ya taso ne a gidan Boul Falé na shahararren ɗan kokawa Tyson, ya fita ya kafa nasa gidan mai suna Tay Shinger, kuma a 2018 ya kayar da Bombardier ya zama sarkin fagen ƙasar. Ba a sarki biyu zamani ɗaya a gida guda, wanda ya ji sarauta a jininsa kuwa sai ya nemi filin da zai kafa tutarsa.

Akwai wasu dalilan da ba a cika faɗa a fili ba, saboda kunya da girmama na gaba. Rabon kuɗi na ciki. A gidaje da yawa, abin da aka liƙa wa yaro da abin da mai gayyata ya bayar duk hannun maigida suke shiga, shi zai cire na mota da na makaɗa da na abinci, ya miƙo abin da ya ga dama. Yaro ɗan shekara goma sha biyar ba zai ce komai ba. Magidanci mai mata da 'ya'ya biyu, wanda ya san da ƙashin bayansa aka tara kuɗin, zai fara lissafi ko bai furta ba. Akwai fifiko, inda ɗan cikin maigida ko ɗan 'yar'uwarsa ke samun manyan wasanni. Akwai rauni, inda gidan da ya saba da nasara ke matsa wa yaro ya fita da kafaɗar da ba ta warke ba don kada a ji kunya a gaban baƙi. Gida mai suna ya fi kowane gida wannan haɗari, domin yana da abin karewa. Sannan akwai ilimi kansa. Kowane maigida da salonsa, kuma in ka shekara goma a hannun mutum ɗaya, abokan karawa sun haddace ka, sun san ƙafar da kake fara jefawa. Wani lokaci sai baƙon ido ne zai ga abin da ya rage maka. Almajiri ma in ya sauke a wurin malami yakan nemi izini ya tafi gabas ƙaro karatu, babu mai ce masa butulu.

Ba zan ɓoye batun kuɗin waje ba, don shi ne ya sauya zamani. A Amurka hukumar wasannin jami'o'i ta buɗe rajistar sauya sheƙa ta intanet a 2018, inda ɗalibi zai sa sunansa kowace jami'a ta gani ta neme shi. A 2021 aka daina tilasta wa mai sauyin farko zaman shekara guda ba wasa, aka kuma halatta wa ɗalibai cin kuɗi da sunansu da hotonsu. Tun daga nan sauya gida ya zama ruwan dare. A nan Nijeriya, gasar wasanni ta ƙasa da aka fara a Legas a 1973 ta daɗe da sanin yadda jihohi masu kuɗi ke ɗauke 'yan wasan jihohin da ba sa kula da nasu. Gidajen dambe irin na Ado Bayero a Sabon Garin Kano da na Ali Zuma a Dei-Dei ta Abuja suna wasa rani da damina, ana sayar da tikiti, ana ɗauka a waya ana watsawa duniya. Yaron da ke Nasarawar Burkullu ko Daki Takwas yana ganin wannan duka a tafin hannunsa. Yana ganin tsaransa, wanda bai fi shi komai ba, an ba shi mota. A ce masa kada ya yi sha'awa, an nemi abin da ba ya cikin ɗabi'ar ɗan Adam.

Amma a yankinmu akwai abin da ya sha gaban duk waɗannan, kuma ina jin zafin yadda masu gardama ke mantawa da shi. Fagen kansa ne ya ƙuntace. Kokawar ƙauye ta yamma ce da dare, ta farin wata, ta mutanen da suka tako daga ƙauyuka biyar suka koma gida bayan an tashi. Yau wa zai tako? Shekaru ke nan 'yan bindiga na addabar ƙauyukan Anka da Bukkuyum da Gummi. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a Zamfara, an dakatar da kasuwannin mako, kuma ranar kasuwa ita ce ranar wasa a wurare da yawa. A farkon 2022 an kai hare-haren da suka hallaka mutane masu yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Garin Anka ya cika da 'yan gudun hijira. Garuruwan da ake sa wa haraji kafin a bar su su girbe abin da suka noma ba su da rarar da za su gayyaci 'yan kokawa, kuma taron dare da kiɗa ya zama kiran masifa. Hanyar Anka zuwa Gummi, wadda a da ayarin 'yan wasa ke bi suna waƙa a bayan mota, yanzu da addu'a ake shigarta. Ga kuma ramukan zinariya na wajen Bagega da Sunke da Dareta, waɗanda suka janye majiya ƙarfi da yawa, duk da gubar dalmar da ta kashe ɗaruruwan yara a yankin a 2010. Saurayi mai ƙirji da damtse, wanda a da fage ne zai ɗauke shi, yau rami na kiransa, daji ma na kiransa.

A cikin wannan hali, gida na iya kasancewa babba a suna, da tarihi, da gwanaye, amma ya shekara bai yi wasan kirki uku ba. Gwanin da ya bar irin wannan gida ya nufi Sakkwato ko Argungu ko ƙetaren iyaka, ni ban ga ya guji maigidansa ba, kokawar ya bi inda ta koma. Kuma in aka dubi sauran ƙofofin da ke buɗe wa saurayi mai ƙarfi a yankin nan, wanda ya zaɓi ya ci gaba da cin abinci da fage, ko a ina fagen yake, ya cancanci a sa masa albarka.

Masu cewa wanda ya tafi ya tafi ke nan, su tuna da Daniel Igali. Ɗan ƙauyen Eniwari ne a Bayelsa ta yau, ya je Kanada da tawagar Nijeriya a wasannin ƙasashe renon Ingila na 1994, ya ƙi dawowa. A lokacin da yawa sun kira shi wanda ya guji ƙasarsa. Ya yi karatu a can, ya zama zakaran duniya a 1999, ya ci wa Kanada zinariya a gasar Olamfik ta Sidni a 2000. Daga baya ya dawo, ya gina makaranta a ƙauyensu, ya shugabanci hukumar kokawa ta Nijeriya, kuma a zamaninsa ne Blessing Oborududu ta ciyo azurfa a Tokyo a 2021, lambar Olamfik ta farko da Nijeriya ta taɓa samu a kokawa. Da ya dawo gida a 1994 don gudun surutu, da wuya a ce an ga wannan. Na san ba kowa ne Igali ba. A bayan kowane mai irin labarinsa akwai da yawa da suka tafi suka ɓace, suka ƙare a dako a tashar mota, kunya ta hana su waiwayo gida. Wannan ma gaskiya ce, kuma duk yaron da ke shirin tafiya ya kamata a zaunar da shi a faɗa masa ita ba tare da sakaya ba.

Ni dai inda na tsaya shi ne gwani na da haƙƙin tafiya, ko da gidan na kan ganiyarsa, domin jikinsa ne, shekarunsa ne, iyalinsa ne. Renon da aka yi masa bashi ne na gaske, amma bashi biyansa ake yi, ba a mallake mutum da shi. Abin da ke raba ɗan halak da butulu a nan shi ne yadda aka fita. Akwai wanda zai sulale da asuba, maigida ya ji labari a bakin 'yan kasuwa, sannan ya je can yana zagin hannun da ya ciyar da shi don ya faranta wa sabon ubangida. Wannan ko ya ɗauki Takobi ba ni da abin yaba masa. Akwai kuma wanda zai sami dattijo ya raka shi, ya durƙusa ya ce, "Baba, na zo neman izini ne da albarka. An yi mini tayi a wuri kaza, ban amsa ba sai na ji ta bakinka." Maigida na iya ɓata rai, yana iya cewa, "Wanga yaro, mi muka rage ka da shi?" Amma an ba shi girmansa, kuma mafi yawan dattawa in aka ba su girma sukan saki.

Su ma iyayen gida akwai abin da ke kansu, kuma a nan nake ganin an fi sakaci. Maigidan da ya ga yaransa biyu sun kai, ya san fagensa ba zai ɗauke su duka ba, kamata ya yi shi da kansa ya nemo wa ɗaya wuri, ya kai shi hannu da hannu wurin amininsa a wani gari, ya ce ga ɗana. Wanda ya yi haka bai yi asarar yaro ba, ya ƙara gida ne a wani gari, kuma sunansa zai shiga kirari a fagen da ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba. Riƙe gwani a gefe don kada abokin hamayya ya same shi, wannan ma zalunci ne, ko da ba a saba kiransa da sunan ba.

Saura tsoron da na ce ya fi tsaya mini a rai, na mutuwar reno. Wannan ba a magance shi da tsinuwa, sai da tsari. Ƙwallon ƙafa ta fuskanci matsalar tun tuni, har hukumar FIFA ta sa doka cewa in aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin 100 na kuɗin ana raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi tsakanin shekara 12 zuwa 23. Kokawarmu ba ta da cinikin 'yan wasa irin wannan, amma tana da abin da ya fi takarda ƙarfi a ƙauye, wato shaidar dattawa. Sarakunan kokawa na garuruwa, da goyon bayan masarautun Anka da Gummi da Bukkuyum, za su iya zama su amince a kan ƙa'ida mai sauƙi. Duk mai son ɗaukar yaron wani ya zo ta ƙofa, ya biya wani abu na reno a gaban shaidu. Yaron da ya tafi ya riƙa fitar da kaso sananne daga manyan kyaututtukansa zuwa tsohon gida na wasu shekaru da aka ƙayyade, bayan haka abin da ya bayar alheri ne. Sabon ubangida ya ɗauki nauyin magani in an ji rauni, a faɗa a gaban mutane tun ranar farko. Ƙa'idar ta hau kan maigida shi ma: a san kason yaro a kowane wasa tun yana gida, kuma wanda ya kai amma aka yi kaka biyu ba a fitar da shi babban wasa ba, yana da damar neman sallama ba tare da an bi shi da baki ba. Batun ranar da za a haɗa shi da ɗan tsohon gidansa a fage kuwa, ko zai kama ko zai ɗaga masa hannu, shi da wanda ya rene shi su yanke wannan tun ranar sallama, a gaban shaidun nan, kada a bar wa 'yan kallo da makaɗa su yanke musu a tsakiyar ihu.